Kiɗan minti biyu da ya ci mini mako goma

Shekarata huɗu da fara koyon piyano, kuma na fara ne ina da shekara 39, lokacin da yatsu sun riga sun ƙage a kan abin da suka saba. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa jin kiɗana sai iyalina da maƙwabcin da muke haɗa bango, shi ma ba da son ransa ba. Akwai wasu 'yan koyo irina, manya masu ayyukansu a ƙasashe daban-daban, da muke hulɗa ta intanet. Duk bayan wata uku kowa yakan naɗi abin da yake koya ya turo, a tattara a saurara. Sau biyar ina sauraron na mutane in sulale ban turo komai ba. A karo na shida na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na shiga. Saura mako shida a rufe karɓa, na ɗauka lokaci ya yi mini yawa, tunda abin da zan kaɗa bai fi minti biyu zuwa uku ba. Ina rubuta wannan ne saboda wanda zai biyo bayana, don yawancin abin da ya cinye mini lokaci babu ruwansa da yatsu, kuma da wani ya yi mini hannunka-mai-sanda tun farko, da na huta da rabin wahalar.

Makon farko a zaɓen kiɗa ya tafi. Na so in tura ɗan gajeren Minuet ɗin nan na G da kusan kowane ɗan koyo ke farawa da shi, wanda littafin koyona ya buga sunan Bach, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus, a kansa. Wani daga cikinmu ya ankarar da ni cewa ba na Bach ba ne: yana cikin littafin matarsa Anna Magdalena na 1725, amma tun shekarun 1970 masana suka gano Christian Petzold ne ya tsara shi. Na ji daɗin sanin haka, sai dai mutum uku sun riga sun turo shi a zagayen baya, sai na haƙura. Daga nan zuciya ta raya mini wani dogon kiɗa mai gudu da na yi wata bakwai ina fama da shi. Na gwada shi daga farko zuwa ƙarshe sau biyar a jere, ko sau ɗaya ban kai ƙarshe lafiya ba. Nan na kafa wa kaina ƙa'ida: abin da ban iya kaɗawa sau uku a jere ni kaɗai a ɗaki ba, ba zai kaɗu a gaban kyamara ba. Na koma kan Prelude na Chopin, mai tsara kiɗan piyano ɗan asalin Poland, a E minor, Op. 28 lamba 4, ɗaya daga cikin guda 24 da aka buga a 1839, waɗanda ya kammala a tsibirin Majorka yana fama da ciwo. Shafi ɗaya ne, gaɓa 25 kacal (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa da ke tsakanin layukan tsaye biyu a takarda), kuma yana cikin abubuwan da aka kaɗa a jana'izarsa a Faris a 1849. Hannun dama yana jan sauti biyu maƙwabtan juna, B da C, kamar mai nishi. Hannun hagu yana maimaita dunƙulen sauti uku sau takwas a kowace gaɓa, ana zame ɗaya daga cikinsu ƙasa kaɗan-kaɗan. A ido abu ne mai sauƙi.

Takardar kiɗan na samo a IMSLP, rumbun nan da Edward Guo ya kafa a 2006, inda ake tara rubutattun kaɗe-kaɗen da haƙƙin mallakarsu ya faɗi. Kyauta ne, sai dai wanda ba ya biyan kuɗin zama mamba yakan jira daƙiƙa 15 kafin fayil ya sauka. Abin da ya ruɗa ni yawan bugu ne, ga na wannan edita ga na wancan, kowanne da lambobin yatsunsa da alamomin fedarsa, wato inda za a taka abin da ke riƙe amon sauti. Na ɗauki na Mikuli saboda na ji an ce almajirin Chopin ne. Tsohon bugu ne da aka ɗauki hotonsa, babu lambobin gaɓa a jiki, sai na zauna da fensir na bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan na tafka kuskuren da sai bayan mako shida ya fito: kiɗan yana buɗewa da sauti biyu na share fage kafin gaɓa ta farko, ni kuwa na ƙirga su a matsayin gaɓa ta 1. Duk lambobina suka haura da ɗaya. Daga baya na sayi bugun da ake kira Urtext, wanda ke ƙoƙarin nuna abin da marubucin ya rubuta da hannunsa ba tare da ƙarin editoci ba, lambobin gaɓa kuma a buge suke a gefe. Da shi ya kamata in fara.

A mako na biyu na jingina waya a kan littattafai na ɗauki gwaji, don kawai in ga yadda hoton zai fito. Da na saurara sai na ji piyanon kamar mai mura. Piyanon tsaye ne, na hannu na saye shi, kuma shekara uku rabon da a saita shi. Kunnena ya saba da karkacewar har ba na jin ta, amma na'ura ba ta san sabo ba. Na kira mai saita piyano, ya ce sai bayan kwana 12. Ranar da ya zo, dattijo ne da 'yar jakar kayan aikinsa, ya buɗe murfin sama, ya buga ƙarfen gwajinsa mai baki biyu wanda ke ba da sautin A na 440, ya danna madannin A na piyanona, ya dube ni.

"Malam, yaushe rabon da a taɓa wannan?"

"Baba, an ɗan jima."

"An jima dai," in ji shi.

Ya yi mini bayani cewa wayoyin da ke cikin piyano sun kai 230, kuma jan da suke yi wa firam ɗin ƙarfe a haɗe ya haura tan 15. Idan piyano ya sauka da yawa kamar nawa, ba a mayar da shi daidai a zama ɗaya, domin kana ɗaure wannan ɓangare wancan yana saki. Sai an fara ɗago shi gaba ɗaya, a bar shi ya zauna, sannan a dawo a yi saitin gaske. Wato zuwa biyu, biya biyu, da mako biyu a tsakani. Ya yi awa biyu da rabi yana ta ƙwanƙwasa madanni ɗaya-ɗaya har kaina ya yi ciwo. Kafin ya tafi ya durƙusa ya gyara wani ƙiƙi-ƙiƙi da fedar dama ke yi, wanda ni ban taɓa lura da shi ba sai da ya nuna mini. Ya ce makirfo zai kama shi fiye da kiɗan. Da na lissafa, zuwansa na biyu zai faɗo saura kwana tara a rufe karɓa. Duk mai niyyar naɗar piyanon katako, ranar da ya yanke shawara ya kira mai saiti, kafin ma ya zaɓi kiɗa. Masu piyanon lantarki sun huta da wannan duka: su jona waya daga mafitar sauti ta bayan piyanon zuwa na'urar ɗauka, shi ke nan, ba ruwansu da ƙarar ɗaki.

Makonni biyun jiran a kan sauti na kashe su. Waya tana ɗaukar hoto mai kyau, amma an gina makirfonta ne don magana, shi ya sa take ɗaga sauti da kanta idan ya yi ƙasa, ta danne shi idan ya yi sama. Ga kiɗan da rayuwarsa duka a kan bambancin taushi da ƙarfi take, wannan kisa ne. Wurin da na buga da ƙarfi a gaɓa ta 17 ya fito a matse, ƙarshen da ya kamata ya dusashe kuma ya fito da ƙarfi haɗe da shuuu na iska. Na ari ƙaramar na'urar ɗaukar sauti mai makirfo biyu a wajen wani aboki, na kashe wannan saiti na kai-da-kai, na daidaita ƙarfin da hannu. Yadda ake yi shi ne ka kaɗa wurin da ya fi ko'ina ƙarfi, ka rage har ma'aunin ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6, domin da zarar ya taɓa 0 sautin ya fashe, kuma babu gyara. Na saita ta a WAV, 48 kHz, saboda shi bidiyo ke amfani da shi. Wurin ajiye ta ya ci mini yamma uku. Da na saka ta cikin murfi sai ƙarar guduma da bugun feda suka cika ta. Da na kai ta ƙarshen ɗaki sai ta zama kamar ana kiɗa a banɗaki. Daga ƙarshe na jawo piyanon daga jikin bango kamar taki ɗaya, tunda allon da ke fitar da sautin piyanon tsaye a bayansa yake, na buɗe murfin sama, na ɗora na'urar a bayan kafaɗata ta dama, sama da kaina kaɗan. Na manna salatif a ƙasa don kada in manta wurin.

Dattijon ya dawo a ranar da ya ce, ya yi awa ɗaya da rabi, piyanon ya buɗe murya har na ji kamar ba nawa ba. Washegari da dare na kashe fanka, na cire batirin agogon bango, na roƙi mutanen gida su ba ni awa ɗaya. Na danna maɓallin ɗauka, jar fitilar ta kama, sai hannuna ya zama na wani. Kiɗan da nake yi ido rufe, a gaɓa ta uku na ɓace. Na tashi na kashe, na sake kunnawa, na zauna, na ɓace a ta tara. Wannan tashi da zama shi ya fi komai lalata ni, domin duk danna maɓalli sabuwar jarrabawa ce. A daren farko na yi ɗauka 11, babu ta kirki ko ɗaya. Tafin hannuna ya jiƙe, na kwanta ina jin haushin kaina, ina cewa mutum da girmansa yana tsoron 'yar fitila.

A dare na biyu 'yata, mai shekara tara, ta ce za ta zauna ta yi shiru. Bayan na sake faɗuwa a wurin da hannun hagu ke dirowa can ƙasa ya dawo tsakiya da tsalle, sai ta ce, "Abba, me ya sa kake daina numfashi in ka kusa wurin nan?" Ban san ina yi ba. Tun daga gaɓa ta 16, inda Chopin ya rubuta stretto, wato a matsa gaba, nake riƙe numfashi, kafaɗuna su haye kunne, kafin in kai tsallen hannuna ya sandare. Na ɗauki fensir na rubuta "shaƙa" a saman gaɓar. Sannan na canza dabara: na kunna na'urar da wayar, na tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a gaban kyamara, na bar su suna ta ɗauka minti 40 ban sake taɓa su ba. Ina gamawa in ɗan huta in sake, in na yi kuskure in wuce kamar ba a yi ba. Bayan kamar minti 15 na manta da fitilar. Jimilla na yi 23 a dare biyun, kuma ta 19 ce ta fi dama, duk da akwai sauti ɗaya a hannun hagu da bai fito ba a gaɓa ta 14.

A daren ban zaɓa ba, kuma na gode wa Allah da ban yi ba, don a lokacin duk munana suke a kunnena. Da safe na sa abin ji a kunne, na riƙe takardar, na bi su. Wannan sauraro shi ne abu mafi amfani a duk tafiyar, shi ne kuma mafi ɗaci. Na ɗauka hannun haguna raɗa yake yi, ashe dukan ƙofa yake, yana binne waƙar da dama ke ja. A gaɓa ta 23 akwai shiru mai alamar tsayawa kafin dunƙule uku na ƙarshe. Ina zaune a kujera na ji kamar na yi shekara ina jira, a naɗin kuwa ko daƙiƙa ɗaya bai cika ba. Abin da mai kiɗa ke ji yana kaɗawa rabinsa abin da yake nufi ne, na'ura kuma abin da ya fito kawai take riƙewa. Shaiɗan ya raya mini in yanko gaɓa ta 14 daga ɗauka ta 21 in liƙa. Na buɗe Audacity, manhaja ce ta kyauta, na gwada. Amon da feda ke riƙewa ya yanke a wurin ɗinkin, saurin ɗaukan biyu ma ba ɗaya ba ne. Na gwada abin rage hayaniya, piyanon ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin ruwa. Na mayar da komai yadda yake. A tsarinmu ba a hana yanke-yanke ba, ana dai so mutum ya faɗa in ya yi, ni kuma na ga idan gyara nake nema, ɓoye ciwon ba zai kai ni ko'ina ba. Abin da na yi kawai shi ne na yanke farko da ƙarshe, na bar daƙiƙa biyar bayan dunƙulen ƙarshe don sautin ya mutu da kansa, na ɗora sautin na'urar a kan hoton wayar. Tafin nan ne ya sauƙaƙa haɗin: a zanen sautin duka biyun yana fitowa kamar tsinin mashi, sai ka jera su, ka kashe na wayar.

Saura kwana huɗu na ɗora bidiyon a shafin bidiyo, na zaɓi tsarin da sai mai adireshin ne zai gani. Ko minti goma ba a yi ba sai ga saƙo: wani kamfanin faifai ya ce daga daƙiƙa ta 14 zuwa minti ɗaya da 'yan kai nasa ne. Cikina ya ɗuri ruwa. Na ɗauka na taka doka, har na kai yatsa zan goge. Can kuma wani ɓangare na zuciyata ya ɗan yi fari, wai na'ura ta ɗauke ni ƙwararre. Da na natsu na karanta, sai na gane abin da ke faruwa. Haƙƙi biyu ne a kan kowane kiɗa: na wanda ya tsara shi, da na wanda ya naɗe shi a faifai. Na farko a ƙasashe da yawa yana faɗuwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi, a wasu 50, Chopin kuwa tun 1849 ya rasu, don haka kowa na da ikon kaɗa aikinsa. Na biyun na mai naɗin ne, kuma wannan naɗi nawa ne, a ɗakina, da yatsuna. Kamfanonin faifai suna ajiye naɗe-naɗensu a rumbun shafin, na'ura tana gwada duk abin da aka ɗora da su, kuma idan mutum biyu suka kaɗa sauti iri ɗaya a piyano da sauri kusan ɗaya, ba kullum take bambance su ba. Irin wannan da'awa ba hukunci ba ce a kan asusun mutum. Yawanci kuɗin talla ne ke tafiya wa mai da'awar, wani lokaci kuma a toshe bidiyon a wasu ƙasashe, kuma nawa an toshe shi a wasu.

Fom ɗin ƙalubalanta bai da tsawo. Ka zaɓi dalili, ka rubuta bayani, ka amince cewa gaskiya ka faɗa, ka sa cikakken sunanka a matsayin sa hannu. Na rubuta jimla huɗu: sunan kiɗan da lambarsa, cewa mai shi ya rasu a 1849 kuma aikin ya zama na kowa, cewa ni ne nake kaɗawa a bidiyon kuma hannuwana suna bayyane, cewa ina riƙe da asalin fayil ɗin minti 40 mai kwanan wata. Wannan ne ya sa nake cewa kada a goge asalin naɗi, kuma a sa kyamara ta kama hannu da madannai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙorafin yana zuwa ne wajen wanda ya yi da'awar, shi zai duba, kuma yana da kwana 30. In ya janye ko ya yi shiru har wa'adin ya cika, da'awar ta faɗi. In ya ƙi, akwai ɗaukaka ƙara, amma daga nan abin yana iya kaiwa ga sauke bidiyon da rubuta wa asusu gargaɗi, gargaɗi uku kuma rufe asusu ne. Saboda haka wannan hanya ta mai tabbacin gaskiyarsa ce. Wanda ya kaɗa kiɗan fim ko na marubucin da ke raye, da'awar tana iya zama daidai ko da shi ya kaɗa da hannunsa. Marubutan ƙarni na 20 ma sai an duba ƙasa, don a Amurka ayyukan da aka buga kafin 1978 daga shekarar bugawa ake ƙirga musu, har shekara 95. Ni dai kwana 30 ba su yi mini amfani ba, tunda kwana huɗu gare ni, sai na fitar da sautin zalla a MP3 na haɗa da adireshin bidiyon, don wanda aka toshe wa ya samu abin ji.

Fom ɗin shiga namu yana tambayar sunan marubuci, sunan kiɗa da lambarsa, tsawon lokacin da mutum ya yi yana koyo, irin piyanon, da ko yana son gyara ko sauraro kawai. Na ce ina son gyara, na kuma rubuta tambaya: yaya zan yi da tsallen hannun hagu a gaɓa ta 18? Na tura saura kwana biyu. Ranar da aka fitar da jerin, nawa ne na 31. Kwana biyu babu wanda ya ce uffan, ina ta duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na saurari na farkon jerin, wasunsu irin waɗanda za su iya shiga gasar masu kiɗa don sha'awa ne, kamar wadda ake yi a Faris tun 1989 ko ta Fort Worth a Amurka da aka fara a 1999, na ji kamar in janye nawa. Ashe mutane bi da bi suke sauraro daga sama, ba su iso kaina ba ne.

Da suka iso, mutum uku suka ba ni amsa a kan gaɓa ta 18 ta gaskiya, suna mamakin abin da ya dame ni a wurin. Wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyar da piyano ce ta gano bakin zaren: ta ce tana jin 17 nake nufi, kuma da alama na ƙirga sautukan share fage. Ta ce in daina kallon inda hannuna yake, in kalli inda zai sauka tun kafin ya tashi, in yi ta gwada tsallen ba tare da danna komai ba har hannun ya san nisan. Sannan ta faɗi abin da ban tambaya ba. Ta ce in duba alamar da ke farkon layi, C ce mai sanda a tsakiya, ma'ana bugu biyu a gaɓa, ni kuwa takwas nake ƙirgawa, shi ya sa nawa ya kai minti 2 da daƙiƙa 48. Largo, kalmar da ke rubuce a saman kiɗan, a hankali take nufi, amma sautin piyano yana fara mutuwa ne tun daga lokacin da aka buga shi, kuma in an ja da yawa, dogon B ɗin nan zai ƙare kafin C ya zo ya karɓe shi. Mako shida ina kallon wannan alama ban gan ta ba. Wani mutum kuma ya rubuta layi ɗaya, ba sallama ba sannu, cewa feda ta cakuɗa komai. Ya ɓata mini rai kwana biyu. A na uku na sake saurara, na ji gaskiyarsa: sau ɗaya nake canza feda a gaɓa, alhali hannun hagu yakan canza sauti a tsakiyarta, sai tsohon ya hau kan sabon. A bugun Urtext ma alamar feda kaɗan ce ƙwarai, a wajen ƙololuwar kiɗan. Sautin nan na gaɓa ta 14 da ya hana ni barci kuwa, babu wanda ya ambace shi.

Akwai bashin da ke kan duk wanda ya turo, shi ne ya saurari na sauran ya ce wani abu. Na yi wa mutum 12, kuma ya fi kaɗawa wuya. "Ya yi kyau" ba ya amfanar kowa, na sani domin na samu irinsa guda shida kuma ban tuna ko ɗaya ba. Sai na riƙa sauke takardar kiɗan mutum in bi da ido, in faɗi wuri ɗaya da ya taɓa ni da lambar gaɓarsa, in kuma ya nemi gyara in faɗi abu ɗaya tak. A nan na lura ina jin hannun hagu mai nauyi a kiɗan wasu nan take, abin da na yi shekara huɗu ban ji a nawa ba. Laifi tudu ne.

Da zan sake daga farko, da ranar farko zan kira mai saiti, in sayi bugu mai lambobi, in fara naɗar kaina da waya tun makon farko ina saurara duk bayan kwana biyu, don kada ranar ɗauka ta zama ranar da zan fara jin kaina. Da na ɗora bidiyon gwaji da wuri in ga ko za a yi da'awa, tunda kwana 30 ba sa jiran ranar rufe karɓa. Kuɗin da na kashe duka bai wuce na zuwan mai saiti biyu da littafi ɗaya ba, sauran aro ne da kyauta. Tambayar da zan rubuta kuma da na haɗa ta da minti da daƙiƙar wurin a bidiyon, ko da lambar gaɓa ta kuskure mutane za su gane inda nake nufi.

Kamfanin bai ce komai ba har wa'adin ya cika. A rana ta 30 na buɗe shafin da safe na ga alamar da'awar ta ɓace, an buɗe bidiyon a ko'ina, lokacin kowa ya riga ya gama sauraro ya wuce. A daren na sake naɗar kiɗan da bugu biyu a gaɓa, ya tsaya a minti 2 da daƙiƙa 11, na tura wa dattijuwar ita kaɗai. Ta amsa bayan kwana uku cewa yanzu waƙar tana tafiya, amma har yanzu ina gudun shirun gaɓa ta 23, in ƙirga uku a zuci kafin in sauke hannu.